Zakaran Keken Malama

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau Malama ta kawo keken marigayi mijinta. Da kanta ta turo shi tun daga gida, tayoyin duk sun kwanta, tana tafe tana hutawa. Ta ce 'yarta za ta zo ta ɗauke ta ranar ashirin da takwas ga wata, ta koma wajenta da zama gaba ɗaya, kuma cikin kayan gidan nan na shekara arba'in keken kaɗai ne ba za ta bari a baya ba. Tana so a mayar da shi yadda yake ranar da ta fara ganinsa.

Sharaɗinta ɗaya ne. A sake fenti, a canja sarƙa da taya da duk abin da ya mutu, amma kada a taɓa zakaran. Ɗan tambari ne a goshin firam, ƙasa da kan keken: jan zakara tsaye bisa ƙafar keke, zoben zinariya ya kewaye shi, da rubutu a ƙasa wanda ya kusa gogewa. Surukinta ne ya riƙa haɗa kekuna a ɗan shagonsa tun ba a haife ni ba, shi aka buga wa tambarin. Shagon ya daɗe da rufewa. Mijinta ya gaji wannan keken, ya yi shekara talatin da biyar yana bin gida-gida a kansa yana karanta mitar ruwa, kuma yawancin shekarun nan Yaya, wana mai shagon nan, shi ne mai gyara masa.

Sau uku ta maimaita maganar zakaran. Yaya ya yi dariya ya ce in mai gadi take so a ɗaukar masa, za a ɗauka.

Da ta tsaya a bakin ƙofa Yaya bai gane ta ba sai da ta yi sallama. Rana ce ta hasko ta bayanta. Kowa ma hakan zai iya faruwa da shi.

Na ɗauki keken hoto da waya, na kwance shi, na rataye firam ɗin kusa da na keken wani mai burodi. Gobe zan rufe zakaran da takarda da salatif.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban samu na rufe ba, aiki ya sha kaina. Na dai canja ƙwan fitilar kan benci, Yaya ya ce wancan ya dushe. Wata biyu ke nan da na sa shi.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ba zan iya rubutu yanzu ba.

Laraba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan ji sauƙi.

Da safe na tafi kasuwa sayo tub da sipok, wayoyin ƙafar keke. Zan fita Yaya ya ce zai goge firam ɗin mai burodi da samfefa kafin in dawo, a yi masa fenti gobe. Firam biyu ne a rataye, duka baƙaƙe, tsayinsu ɗaya.

Na dawo na same shi a kan ɗan kujerarsa, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, “Auta, zo ka shafa ka ji sumul.”

Na mai burodi yana nan a ƙusa da baƙin fentinsa. Na Malama ne a cinyar Yaya, ƙarfe zalla, fari tas tun daga sama har ƙasa. Na juya goshin. Babu komai. Ɗan jan gari ne kawai a gwiwar wandonsa.

Na shafa. Na ce ya yi kyau.

Da ya tafi gida cin abincin rana, na sauke na mai burodi na goge shi da gaggawa har yatsuna suka saɓule, na ajiye a inda ya bar wancan. Na naɗe na Malama cikin buhu na kai gidana. Da ya dawo na ce masa na ɗauke keken Malama ne don kada feshin fenti ya taɓa zakaran. Ya ɗauki firam ɗin da na ajiye masa, ya jima yana shafa shi, sannan ya ce na yi dabara.

Da na rufe shi jiya da duk wannan bai faru ba. Minti biyar ne aikin.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je wajen Akwai. Tsohon nan ne mai sayar da kayan tsofaffin kekuna a bayan tasha. Sunan ya bi shi ne don duk abin da ka tambaya, kafin ka rufe baki ya ce akwai, ko da sai ya kwana uku yana nema. Na ce tambarin keke nake so, na da. Ya ce akwai. Ya sauko da gwangwanayen biskit huɗu cike da su: zakuna, taurari, kambuna, fukafukai, wasu sun manne da juna, wasu kana taɓawa su rugurguje. Awa biyu muna tonawa muna atishawa.

Daga baya na nuna masa hoton da ke wayata. Ya sa tabarau, ya kai wayar kusa da hanci, ya yi shiru. Shekara ashirin ina zuwa shagon nan ban taɓa ganin bakinsa ya mutu ba. Ya ce ya san zakaran, ya san mai shi. Kekunan da mutumin ya haɗa ba su wuce sittin ba, kuma rabon da ya ga ɗaya a titi har ya manta. Ya ce in gwada zauren masu son tsofaffin kekuna da ke waya, ya ba ni lambar wanda zai saka ni.

Ya tambaye ni wa ya goge. Na ce ni ne.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya rufe gwangwanin, ya ce in gaishe masa da yayana da kyau.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An saka ni a zauren. Na tura hoton. Sai yanzu na lura da irin hoton da na ɗauka: wayar birki ta ratsa ta tsakiyar zakaran, wutsiyar ta dusashe, rubutun ƙasan kuwa ko na ƙara girmansa sai ya zama ɗige-ɗige. Keke na ɗauka a ranar, ba zakara ba. Ina na san zan nema?

Asabar, 7 ga wata, da rana

Mutum goma sha ɗaya sun amsa. Kowa ya ce keke mai kyau. Babu mai zakara.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na kai wa Inci hoton. Shi ke buga sitikar motoci da allunan shaguna a layinmu, tef ɗin awo kullum rataye a wuyansa, ko burodi ya saya sai ya auna. Na rantsar da shi kada maganar ta fita. Ya zauna gaban kwamfuta ya zana abin da ya iya gani, ya cike sauran da tunaninsa, ya buga.

Agwagwa ce ta fito, da zanko a kai. Zoben zinariyar kuwa ya zo launin gwaiduwar ƙwai. Inci ya karkata kai ya ce in an tsaya daga nesa zakara ne. Na ce daga wane gari? Muka yi dariya, ni tawa ba ta kai ciki ba.

Ya gaya min gaskiya dai. Ya ce tasa sitikar roba ce, mai kauri, ɗan yatsa zai ji bakinta. Na da ba haka suke ba. Siraran ne kamar fatar albasa, a jiƙa su a ruwa su zame daga takarda su kwanta a jikin ƙarfe, sannan a shafe su da man ƙyalli su zama ɗaya da fentin. Ba shi da irin takardar, ba shi da tawadar zinariya. Kuma ko wa zai buga, sai an ba shi zane sahihi.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ya ja layin zinariya a madagadin mai burodi, murfin da ke kan taya. Aikin da aka san shi da shi ke nan. Da hannu yake ja, ba ma'auni, numfashi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, har daga wasu unguwanni ake kawo masa. Yau layin ya taso daidai, ya zo tsakiya ya kauce, ya dawo.

Ya ce, “Ya yi?”

Na ce ya yi.

Bayan ya tafi na goge da tina mai narkar da fenti, na manna salatif layi biyu na cike tsakaninsu. Na ƙara ƙwan fitila na biyu a kan bencin.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Matar Yaya ta biyo ta gidana kafin in fita. Ba ta zauna ba. Ta ce wata uku ke nan kekensa na jingine da bango, wai tafiyar ƙasa ta fi wa gwiwa amfani. Saƙon waya ita ke karanta masa, wai masu wayar sun rage girman rubutu. Shekaranjiya ya zuba shayi a gefen kofi, ya ci gaba da zubawa har ya ji zafi a ƙafarsa. In ta yi maganar asibiti sai ya tashi ya bar mata ɗakin. Ta ce ni kaɗai yake saurara.

Na ce gajiya ce, aiki ya yi mana yawa kwanan nan.

Ta dube ni. Ta ce, “Auta, ni za ka gaya wa gajiya?”

Buhun yana bayan ƙofar da ta jingina.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je gidan Malama. Na ce ina son tsofaffin hotunan keken ne don in ga asalin launin madagadi. Kwalaye ko'ina, an cire labule, wuraren da hotuna suka zauna a bango sun bar farin tabo. Ta ba ni shayi a kofin da ya rage ba a naɗe ba, ta ɗauko kundin hotuna. Keken yana cikin hoto bakwai. A duka bakwai ɗin zakaran bai fi ƙwayar wake ba.

Ba ni na tambaya ba, ita ta fara. Ta ce kullum da safe in marigayi zai fita, sai ya dangwala babban yatsansa a kan zankon zakaran, kamar mai tashinsa daga barci. Tun tana yi masa tsiya har ta daina. Da haka zankon ya goge, ya bar ɗan wuri mai santsi daidai faɗin yatsansa. Ta ce tun rasuwarsa, in ta zo wucewa ta wajen keken takan sa nata yatsan a wurin. Ta yi dariya ta ce kada in gaya wa kowa, tsohuwar malamar lissafi da irin wannan shirme.

Da ta rako ni ƙofa ta ce, “Zakaran yana nan lafiya dai ko?”

Na ce yana nan.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Wani dattijo daga zauren ya yi min magana shi kaɗai. Tsohon ma'aikacin maɗaba'a ne a wani gari, ya yi ritaya, yanzu tambarin tsofaffin kekuna yake bugawa don sha'awa. Yana da takardar ruwan, yana da zinariyar. Ya ce in na turo zane, kwana uku ya gama ya ba direba ya kawo. Sannan ya tambaye ni, sabo nake so ko mai kama da tsoho? Ya ce ya iya dusar da launi da tsattsaga shi yadda ko mai keken ba zai gane ba.

Na rubuta masa: mai kama da tsoho. Zankon a goge, faɗin babban yatsa.

Asabar, 14 ga wata, da hantsi

Na manna agwagwar Inci a jikin wani bututu ina gogawa da yatsa, in ga yadda gugar take zama. Matata ta tsaya a kaina ta ce me nake yi. Da na ɗago zan ba ta amsa sai na ji kunyar kaina ta rufe ni.

Yatsan mutumin da ya mutu nake ƙoƙarin kwaikwaya.

Lahadi, 15 ga wata

Ban fita ba.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mun yi faɗa.

Yaya ya ce in dawo da firam ɗin Malama gobe, kwana goma sha biyu suka rage, ga fenti na son lokacin bushewa. Na ce a gida zan yi masa fentin. Ya ce layin fa? Na ce zan ja. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya ce tun yaushe na fara yanke hukunci a shagon nan.

Na ce, “Tun ranar da na fara bin bayanka ina—”

Na tsaya. Amma rabin da ya fita ya isa.

Ya wanke hannu da kananzir, ya goge, ya sa hula. Zai fita kafaɗarsa ta bugi ƙyauren, ya gyara ya wuce. Ina da shekara goma sha biyu mahaifinmu ya rasu, Yaya ya ajiye makaranta ya buɗe shagon nan, shi ya ci da ni ya koya min riƙe sifana. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai yau.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Bai zo shago ba.

Talata, ƙarfe bakwai saura na yamma

Ya zo gidana da la'asar, shi kaɗai, a ƙasa. Ya zauna a tabarma ya ce in kawo masa firam ɗin. Na tsaya ina inda-inda, ya ce in kawo.

Na zare shi daga buhu na ɗora masa a cinya. Bai juya goshin ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye ƙarƙashin sirdi, ya tsaya a kan wani ɗan tudu. Ya ce nan ne firam ɗin ya tsage shekara ashirin da suka wuce, lokacin da marigayi ya faɗa kwata, shi ya kai aka yi walda ya goge da hannunsa. Ya ce ranar Larabar nan da safe yatsansa ya bi ta kan tudun, hankalinsa bai kai ba. Da ya dawo daga cin abinci ya ɗauki firam ɗin da na ajiye masa, ya shafa, ya ji babu tudu.

“Tun ranar na sani, Auta.”

Na ce me ya hana shi magana. Ya ce abin da ya hana ni. Kullum yana shigowa da niyyar faɗa, sai ya ji na ƙara fitila, sai bakinsa ya yi nauyi. Jiya ma da ya matsa in kawo firam ɗin, so yake in fasa maganar da kaina, don shi ya kasa.

Sannan ya gaya min sauran. Tun yaushe, da wane ido ya fara, da abin da ya rage masa. Ya faɗa a hankali kamar yana lissafa abin da ya lalace a keken wani. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Na gaya masa maganar dattijon maɗaba'a da mai kama da tsoho. Ya girgiza kai ya ce matar nan ba ta cancanci haka daga gare mu ba. Gobe za mu je, kuma shi zai yi magana.

Na raka shi har gida. Bai ce in koma ba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun je. Yaya ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa a gabanta tsakanin kwalaye, mutum mai shekara hamsin da takwas. Ya faɗi komai bai rage ba, har dalilin. Na sa baki na ce laifina ne da ban rufe ba, kuma ni na yi mata ƙarya a ɗakin nan ranar Alhamis.

Na zaci za ta yi faɗa. Da ta yi da ya fi min. Ta zauna tana duban hannuwanta. Can ta ce ko ɗan ɓallin bai rage ba? Na ce bai rage ba. Ta gyaɗa kai. Ta ce mu tafi tukuna, tana so ta zauna ita kaɗai.

Muna bakin ƙofa ta kira ni. Ta ce, “Shi bai gani ba. Kai kana gani ka sha shayina.”

Alhamis, 19 ga wata, da yamma

Babu labari daga Malama. Mun gyara faci huɗu da birki ɗaya. Yaya ya ce in kashe fitila ɗaya, zafi kawai take ƙara masa.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Malama ta zo shago da hantsi, da jaka a hannu kamar mai zuwa aji. Idanunta sun kumbura. Ba ta ce ta yafe ba, ba mu kuma tambaya ba. Ta ce ta yi tunani, wancan zakaran ya tafi, ba ta son wani ya zo yana yi mata kama da shi. A buga sabo, ya fito a sabonsa, da zankonsa cikakke yadda ta gan shi tana amarya. Ai abin da ta ce tun farko ke nan, a mayar da keken yadda ta fara ganinsa.

Ta juya wajen Yaya ta ce ba za ta karɓi keken ba sai ya kawo mata katin asibiti da hatimin likita a kai. Ya buɗe baki, ta ce ba shawara take nema ba.

Muka ɗunguma wajen Inci mu uku. Ya zauna gaban kwamfuta, Yaya a damansa ya rufe ido yana faɗa: ƙirjin a turo yake, ƙafar hagu a ɗage, bakin a buɗe yana cara, sipok takwas ne a ƙafar keken. Malama a hagu tana duban allon tana cewa a ƙara, a rage. Da aka zo gashin wutsiya rigima ta tashi. Yaya ya ce biyar, ta ce bakwai. Ya ce shekara talatin yana goge masa ƙura, ta ce shekara arba'in yana kwana a ɗakinta. Inci ya ce to a yi shida kowa ya huta, suka haɗu suka yi masa ca. Da aka ƙara girman hotona aka ƙirga inuwar gashin, bakwai ne. Yaya ya ce biyu daga baya suka tsiro.

Rubutun ƙasan ita ta faɗa, ba ta ko yi jim ba: sunan surukinta, sai kalma biyu, “Sannu Isa.” Ta ce haka tsohon yake gaya wa duk wanda ya sayi keke a wajensa.

Da zanen ya kammala ta daɗe tana kallo. Ta ce shi ne.

Asabar, 21 ga wata, da safe

Na tura wa dattijon zanen da awon da Inci ya yi. Na ce ya manta da maganar farko, sabo nake so. Ya amsa da cewa ya fi jin daɗin haka.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Asibiti, ni da shi da matarsa. Tun bakwai muke layi. Likita ta daɗe da shi a ciki, ta ɗiga masa magani, ta sa shi a gaban na'ura biyu. Ta yi magana mai tsawo, mafi yawa a kan idon dama. Na hagu ba ta daɗe a kansa ba. Ta tambaya me ya sa sai yanzu, duk mu uku muka sunkuyar da kai.

An ba shi maganin ɗigawa safe da yamma, da ranar dawowa. Muna fitowa abin da ya fara tambaya shi ne ko an buga hatimin.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Fenti ya bushe, baƙi wuluk. Yau na ja layin zinariya da hannu, karo na farko a rayuwata ba salatif. Yaya na zaune kusa yana cewa in riƙe numfashi, in dubi inda zan je, in daina kallon bakin burushi. A madagadin baya hannuna ya ɗan yi rawa wajen lanƙwasa. Na gaya masa. Ya ce in bar shi, nasa na farko ya fi wannan muni, mai keken ma bai taɓa lura ba.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Saƙo ya iso tasha da rana, cikin ambulan tsakanin kwali biyu. Dattijon ya bugo guda uku, ya rubuta a bayan ambulan cewa kowa yakan yaga na farko.

Na yaga na farko. Na bar shi a ruwa ya wuce kima, ina zamewa wuyan zakaran ya rabu biyu. Yaya ya ji tsakin da na yi ya ce in fita in sha iska. Na biyu na ƙirga daƙiƙa talatin a ruwa mai ɗumi, na ɗora takardar a goshin firam, na zare ta a hankali ta ƙasa. Ya kwanta. Na kore ruwan da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Jan ya fito, zinariyar ta kama haske.

Yaya ya ce in faɗa masa yadda yake. Na faɗa, tun daga zanko har sipok. Ya ce gashin nawa ne. Na ce bakwai. Ya ce to, a bar mata.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mun kai keken da safe, motar kaya na ƙofar gida. Malama ta karɓi katin asibitin tukuna, ta karanta har ƙarshe, ta mayar wa Yaya ta ce kada ya kuskura ya tsallake ranar komawa, tana da lambar matarsa. Sannan ta zagaya keken sau biyu. Ta ga inda layina ya yi rawa, ta dube ni. Ta kaɗa ƙararrawar. Ta hana masu lodi su ɗora shi sai da aka naɗe shi da bargonta.

Na ba ta tambari na uku a cikin ambulan. Ta sa a jaka. Da za ta shiga mota ta ce min in na zo garinsu in biyo, akwai shayi.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe tara na safe

Jiya na ce wa Yaya zan riƙa biyowa ina ɗaukarsa a keke da safe. Ya ce shi ba kaya ba ne. Yau na biya duk da haka. Na same shi tsaye a ƙofar gida ya shirya, wai iska ya fito sha.

Ya hau kariya ya zauna a karkace, ya riƙe ƙarfen sirdi. Tun daga gida har kwanar kasuwa yana faɗa: sarƙata na neman mai, birkin baya na kuka, akwai sipok ɗaya da ya saki a ƙafar gaba, abin kunya ne mai gyaran keke ya hau irin wannan. Na ce ba wanda ya saki. Ya ce in mun isa in duba.

A gangaren gada mota ta wuce mu da gudu. Na ji ya saki ƙarfen ya kama rigata ta baya. Bai sake ba har muka iso.

Na duba. Sipok ɗin ya saki. Yana can yanzu ya kifa keken, ya kara kunne yana bugun su ɗaya bayan ɗaya da sifana, ya ce in daina rubuce-rubuce in miƙo masa abin ɗaurewa.